Na harbo zomo cikin dusar ƙanƙara, amma ya gagari haƙori

Baƙon Mishigan: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman agajin maharba da masu girki gaba ɗaya, don maganar ta haɗa ku duka. Ranar Asabar da ta wuce maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya yi ritaya daga aikin ƙera motoci, ya ja ni farautar zomo a gonar surukinsa, arewa da Lansin, babban birnin jihar Mishigan ta Amurka. Shekara uku yana yi mini tayi ina zillewa, bana dai na ce bari in je in kashe ƙwarƙwatar ido. Mun fita gari na wayewa, waya ta nuna sanyi ya kai awo 11 ƙasa da sifili, dusar ƙanƙara ta kai ƙwauri. Ga karnukansa biyu, 'yan gajeru masu faffaɗan kunne da ake ce wa bigil. Kafin azahar mun samu bakwai, shi biyar ni biyu. Biyar ɗin ita ce iyakar abin da dokar jihar ta yarda mutum ɗaya ya harba a rana, don haka yana cika ta ya zare harsashi ya rataya bindiga, ya koma ɗan rakiyata.

To ga inda gizo ke saƙar. Na dawo gida ina hura hanci, na yayyanka ɗaya daga cikin nawa, na turbuɗe shi da ƙuli da yaji irin na tsire, na cusa a tanderun kicin. Abin da ya fito, da shi da silifas ɗin wanka ba bambanci. Uwargida ta tauna sau biyu ta ajiye, ta ce Allah ya ƙara sa'a. Yanzu saura ɗaya nawa da uku da dattijon ya ba ni suna firiza. A taimaka kafin in sake jin kunya.

Ɗan Fagge: Hahaha! Yaya, ka tsallake teku, ka bar kaji da raguna a kanti, ka shiga ƙanƙara neman zomo? Ai ko uwargida ta yi maka kara da ta tauna sau biyu.

Hajiyar Zaure: Wa alaikumus salam ɗana. Laifinka ɗaya ne, ka ɗauki zomon daji ka yi masa hukuncin rago. Tsire kitse ne ke riƙe shi a kan wuta, shi kuwa wannan bawan Allah tunda aka haife shi gudu yake, ina ya ga kitse? Busasshiyar wuta ba ta ƙara masa komai sai tauri. Bari in gama abin da nake yi in zo in faɗa maka dalla-dalla. Kada ka taɓa sauran.

Tsohon Maharbi: Jikana ke rubuta mini, ni ido ya yi rauni. Ɗana, kafin a zo maganar tukunya, gaya mini da me ka harbe shi, kuma daga taku nawa. Rabin lalacewar nama a daji ake yin ta, ba a murhu ba.

Baƙon Mishigan: Ranka ya daɗe Baba, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Dattijon ya fito da bindiga uku daga akwatin ƙarfe. Ya ba ni mai watsa ƙwayoyin dalma, wadda suke kira geji 20, shi ya riƙe wata siririya, .410, sai raifil ƙarama .22 da ya bari a mota. Na farkon da na harba, wanda na gasa ɗin, ya fito ne daga ƙarƙashin tarin itace kusan a ƙafata. Na firgita na danna kunama, bai fi taku bakwai ba. Cinya ɗaya ta tafi gaba ɗaya, gashi ya shige cikin naman. Dattijon bai ce komai ba, ya dai girgiza kai ya ce in riƙa ƙirga uku kafin in harba. Na biyun na bi shawararsa, ya yi nisa kamar taku ashirin da biyar, ƙwaya huɗu ko biyar kawai suka same shi.

Soja Mai Ritaya: Da ka ɗauki wadda aka bari a mota. Ni ban ga abin burgewa a watsa wa ɗan abin da bai kai kilo biyu ba ƙwayoyi ɗari biyu. Harsashin .22 faɗinsa milimita 5.6 ne, nauyinsa bai kai giram uku ba. Guda ɗaya a ka, magana ta ƙare, nama lafiya lau, ba mai tsintar dalma a miya. Bindiga mai watsi ta wanda bai iya saiti ba ce, a yi haƙuri da faɗar gaskiya.

Baƙon Mishigan: Yallaɓai, da girmamawa, ba ka ga gudun abin nan a cikin sarƙaƙiya ba ne. Kare na bayansa yana kuka, shi yana kwana dama da hagu tsakanin ƙayoyi, abin da za ka gani bai wuce farin bindinsa ba na daƙiƙa biyu. Wa zai sa harsashi ɗaya a kan da bai fi lemun tsami girma ba a wannan hali? Kuma na tambayi dattijon dalilin barin raifil ɗin. Ya ce ƙasa ta daskare kamar siminti, harsashin .22 yana iya dukanta ya yi tsalle ya canja hanya, ga karnuka ga mutum biyu a fili ɗaya. A jikin kwalin harsashin ma an rubuta gargaɗi cewa yana iya yin illa har nisan mil ɗaya da rabi. Ƙwayoyin dalma kuwa bayan mita talatin da 'yan kai ƙarfinsu ya fara mutuwa.

Ya ce ranar .22 daban take. Sai daren da sabuwar dusa ta zuba, gari ya waye shiru ba iska, ka bar karnuka a gida, ka bi sawu a hankali har inda ya kwanta. Wai kada ka nemi zomo, ka nemi ido, ɗan baƙin ɗigo mai sheƙi a cikin itace, don jikinsa ya saje da wurin amma idon ba ya ɓoyuwa.

Soja Mai Ritaya: To a nan mun haɗu. Wannan ta biyun ita ce farauta. Ta farkon kuwa aikin karnuka ne, kai dai ka kammala musu.

Tsohon Maharbi: Yallaɓai soja, kun saba da abin da ke tsaye a filin atisaye. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma ba ya jiran a auna shi. Maganar ido da Baturen nan ya yi, gaskiya ya faɗa, wannan maharbi ne. Mu ma da dare da fitilar goshi idon muke nema, ja yake yi kamar garwashi. Da rana kuwa ka same shi kwance a gindin sabara ido buɗe, shi ne ake cewa barcin zomo. Ɗana, in tambaye ka, naku na can yana zagayowa?

Baƙon Mishigan: Baba, kamar kana wurin! Shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. Da karnuka suka tashe shi na zabura zan bi, dattijon ya riƙe mini riga ya ce tsaya nan inda ya tashi. Muna jin kukan karnuka yana nisa, yana nisa, can sai ya fara dawowa. Bayan kamar minti goma sai ga shi yana tafe yana ɗan tsayawa yana kasa kunne, karnuka na can baya da nisa. Amma fitilar dare a nan babu ita, lokacin harbi daga rabin awa kafin fitowar rana ne zuwa rabin awa bayan faɗuwarta.

Tsohon Maharbi: Halinsu ɗaya ke nan ko'ina. Ba ya son barin ƙasar da ya sani. Mu a zamaninmu, in an gama girbi, hunturu ya busa, ciyawa ta bushe, sai a sa rana. A buga gangi tun da asuba, gari uku huɗu su haɗu, kowa da karensa da gorarsa. Zomo ba a ɓata masa albarushi, na gora ne da kare. Bindigar toka ta gada ce da barewa da gyado. Wanda ya ɗura harbi-ka-ruga saboda zomo dariya ake yi masa, don kafin hayaƙi ya washe ka ga abin da ka samu, in ka same shi ma, sai ka tattara da tsintsiya. Kuma ita harbi ɗaya ce, kafin ka sake ɗurawa ka danna da sanda, ya kai wani gari. Daga baya ne masu hali suka fara zuwa da mai baki biyu.

Ɗan Damagaram: Baba ya faɗi gaskiya. Mu nan kalibar 12 ce aka fi sani, kuma kuɗin harsashi ɗaya ya isa ya sa mutum ya yi tunani sau biyu kafin ya sake shi a kan zomo. Amma wai me ya sa lambar ke tafiya a juye? Na ji an ce 12 ta fi 20 faɗin baki.

Soja Mai Ritaya: Tsohon lissafin Turawan Ingila ne. A ɗauki dalma mai nauyin fam ɗaya a mulmula ta dunƙule-dunƙule daidai faɗin bakin bindigar. In ta ba da dunƙule 12, geji 12 ke nan, in ta ba da 20, geji 20. Ka ga mai yawan lamba ita ce mai ƙaramin baki. Ita .410 ba ta cikin wannan lissafi, awon inci ne kai tsaye. Ƙwayoyin ciki ma haka suke a juye, lamba 6 da ake yi wa zomo ta fi lamba 4 ƙanana, kuma a cikin giram 28 akwai ƙwaya wajen 225. Harsashin .410 gajere rabin haka yake ɗauka. Shi ya sa na ɗaga wa dattijon nan hula, wanda ya cika biyar da .410 ba ɗan koyo ba ne.

Maman Ikram: Ni tambayata daban ce. Kai baƙo a ƙasar mutane, an yarda ka riƙe bindiga haka kawai? Kada a je a jawo wa iyali abin da ya fi zomo.

Baƙon Mishigan: Anti, na bi ƙa'ida tsaf. A Mishigan duk wanda aka haifa daga 1960 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin kiyaye haɗarin farauta kafin a ba shi cikakken lasisi, na yi na ci jarrabawa. Dokar tarayya ta hana mai bizar wucin gadi riƙe bindiga, amma mai lasisin farauta yana cikin waɗanda aka keɓe. Lokacin zomo daga 15 ga Satumba ne zuwa 31 ga Maris. Sannan dole ka sa riga ko hula ruwan lemu mai ƙyalli don kada wani ya ɗauke ka barewa. Da kun gan ni a ciki da kun ce ma'aikacin gyaran titi ne.

Soja Mai Ritaya: Mu ma a Najeriya muna da doka a takarda, ta makamai ta 1959. Mai watsi lasisinta daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, ta toka kuma daga kwamishinan 'yan sandan jiha. Sai dai yau riƙe bindiga a hanya a ƙasar nan, ko da takarda, sai addu'a. Ba mu manta Uromi ba, watan Maris na 2025, mafarauta 16 'yan arewa suna hanyar gida yin sallah, aka ga bindigogin toka a motarsu aka hallaka su.

Tsohon Maharbi: Allah ya jiƙansu da rahama. Ni tawa tana rataye shekara shida ke nan. Dajin da muke shiga da gora yanzu ko da rana ba mai shigarsa.

Mai Kula da Zaure: Amin ya Allah. Jama'a, a yi musu addu'a a tsaya nan, kada maganar ta karkata inda ba za mu iya dawo da ita ba.

Malam Na Tudu: Amin. Na daɗe ina karantawa, kuma akwai abin da kowa ya tsallake. Cin zomo halal ne, babu ja. Hadisin Anas ɗan Malik ya tabbata cewa sun taso zomo a Marruz Zahran, ya kama shi ya kai wa Abu Ɗalha ya yanka, aka aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cinyoyinsa ya karɓa. Harbi da bindiga ma malaman Malikiyya na baya, musamman na birnin Fas, sun ba da fatawar halaccinsa, saboda dalma tana huda jiki ta zubar da jini. Sharaɗi shi ne niyya da bisimilla lokacin sakin harbi, kuma in ka riske shi da sauran rai sai ka yanka. To Malam Baƙo, naka biyu yaya aka yi? Sannan ukun da ke firiza, wa ya harbe su?

Baƙon Mishigan: Allah ya gafarta Malam, nawa na yi bisimilla duka biyun, na farkon ma da ƙarfi na yi ta saboda firgita. Shi ko shurawa bai yi ba. Na biyun na same shi yana motsi na sa wuƙa na yanka. Ukun kuwa dattijon ne ya harbe su, kuma Kirista ne mai zuwa coci. Na ɗauka hukuncin yankan Ahlul Kitabi ne.

Malam Na Tudu: A nan ne mazhabarmu ta bambanta yanka da farauta. Yankansu an yarda da shi da sharuɗɗansa, amma mashahurin zance a Malikiyya shi ne abin da aka kashe ta hanyar farauta sai in Musulmi ne ya harba. Da a ce ya harba kai ka riske shi da rai ka yanka, da babu magana.

Abu Hanan: Malam, da neman afuwa, kada a ƙuntata wa bawan Allah. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin waɗanda aka bai wa Littafi, ba ta ware farauta ba. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya duk sun tafi a kan cewa wanda yankansa ya halatta, farautarsa ma ta halatta. Kai, har cikin almajiran Imamu Malik akwai waɗanda suka halatta. Mutum yana zaune a Amurka, maƙwabci ya yi masa alheri, a ce ya mayar?

Malam Na Tudu: Ban musa saɓanin ba ɗana, na san da shi tun kafin a yaye ka. Amma tunda ka kawo su, ka kawo su cikakku. Hanafiyya da Hanbaliyya sun sharɗanta ambaton sunan Allah, shin dattijon ya ambata? Shafi'iyya ne suka ɗauke shi sunna. Wannan ɗaya. Na biyu ya fi nauyi. Wanda ya harba bai mutu nan take ba, da me ya ƙarasa shi? Hadisin Adiyyu ɗan Hatim a fili yake, abin da makami ya huda a ci, abin da ya buge da faɗinsa ya mutu kada a ci. In duka ne ya ƙarasa shi ko murɗe wuya, wannan mushe ne a wurin kowa, ba Malikiyya kaɗai ba.

Tsohon Maharbi: Shi ya sa ɗan farauta ba ya rabuwa da wuƙa a ƙugu. In gora ta sami zomo, gudun da za ka yi zuwa kansa ya fi wanda ka yi kana bin sa, ga kare na son rigan ka, ga wani ƙato daga wani gari yana cewa gorarsa ce ta fara sauka. Faɗan da ake yi a kan zomo ɗaya, wani har a gaban Sarkin Baka ake raba shi. Wanda ya mutu kafin wuƙa ta iso kuwa na karnuka ne.

Baƙon Mishigan: Innalillahi. Malam, na ga lokacin da ya ɗaga guda biyu ta ƙafafun baya ya sare su a ƙeya da gefen hannu. A cikin biyar ɗin ban san waɗanne ne ya ba ni ba, duk a jaka ɗaya suke.

Abu Hanan: To in haka ne na janye a kan waɗannan ukun, tunda sun cakuɗe. Amma asalin mas'alar ina nan a kan bakana.

Ɗan Fagge: Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Bature ya harba, Yaya ya rataya, ga shi Yaya ne ke shan tambayoyi.

Likitan Dabbobi: Tunda malamai sun rage mana aiki zuwa zomo ɗaya, bari in sa baki. Na ƙasarku ba irin namu ba ne. Namu na daji dogon kunne ne da dogayen ƙafafu, ana haihuwar 'ya'yansa da gashi ido buɗe, namansa ja ne mai duhu. Mai farin bindin da ka harbo ana haihuwarsa tsirara ido rufe, namansa ya fi haske da taushi. Ɗan'uwan namu a can shi ne mai manyan tafin ƙafa na dazuzzukan arewacin jihar da Kanada, wanda ke rikiɗewa fari fat in sanyi ya shigo.

Abin da nake so ka kiyaye shi ne wata cuta, tularemiya, da Turawa ke yi wa laƙabi da zazzaɓin zomo. An fara gano ta a 1911 a gundumar Tulare ta Kalifoniya, daga nan sunan ya fito. Tana shiga ta ɗan ƙurji ko yanka a hannu lokacin fiɗa, ko ta cizon kaska. Ka sa safar hannu ta roba, ka duba hanta da saifa, in ka ga ɗige-ɗigen fari ka binne shi gaba ɗaya, kada ka bai wa kare. Zomon da ka ga yana tafiya sanyi-sanyi bai gudu ba, ƙyale shi. Firiza ba ta kashe ƙwayar, wuta ce ke kashe ta, sai zafin cikin naman ya kai awo 71 a ma'aunin Selsiyus. In zazzaɓi ya kama ka cikin mako biyu bayan fiɗa, ka gaya wa likita ka taɓa zomon daji, tana jin magani in an gane ta da wuri. Wannan ne ma ya sa tsofaffin maharbansu ke cewa a jira sai sanyi ya kankama, lokacin kaska da ƙuma sun ragu.

Na gida kuma, masu cinna wa daji wuta a hunturu suna kama duk abin da ya fito har da ɓeraye, ku tuna rani ne lokacin da zazzaɓin Lassa ya fi tashi.

Ɗan Fagge: Tulare dai, ba turare ba. Na ɗauka Likita zai ce a yi masa hayaƙi.

Baƙon Mishigan: Likita na gode. Dattijon ya ba ni safar hannu, kuma tun a daji muka cire kayan ciki da ɗuminsu, ya duba hantar kowanne. Ashe dalilin ke nan.

Hajiyar Zaure: To an gama? Maza kun cika zaure da ƙarfe da dalma, yaro na jiran abinci. Ɗana, saurara. Ka fito da shi ya saki a firij, ba a ruwan zafi ba. Ka raba shi biyar, cinya biyu, hannu biyu, gadon baya. Ka bi duk inda ƙwaya ta shiga da tsinin wuƙa ka fito da ita da gashin da ta tura ciki, wurin da jini ya taru ya yi baƙi ka yanke ka yar, shi ne ke kawo ɗaci da ƙarni. Akwai wata farar yana a bayan, ka ɗaye ta, ita ce ke ƙanƙance nama a wuta. Sai ka jiƙa shi a nono mai tsami da ɗan gishiri ya kwana. In babu nono, ruwan gishiri ma ya yi.

Da safe ka ɗauraye ka tsane shi sosai. Man gyaɗa ya yi zafi, ka soya sama-sama ya yi ja kawai, ka kwashe. A man nan ka zuba albasa mai yawa, kada ka yi mata rowa, ita ce za ta maye gurbin kitsen da babu. Citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari ƙwaya uku, kimba rabin sili, attaruhu daidai bakinku, daddawa. Ka mayar da cinyoyi da hannuwa, ruwa ya ɗan rufe su, ka rufe tukunya ka rage wuta can ƙasa, ta riƙa ɗan motsi kawai ba tafasa ba. Awa ɗaya da rabi. Gadon bayan kada ka sa shi sai saura minti ashirin, shi ba ya son daɗewa, in ya daɗe ya koma igiya. In za ka sauke ka ɗiga man shanu cokali ɗaya.

Tsohon Maharbi: Hajiya, duk na yarda, amma fiɗar nan ce ban so ba. Zomo babbaka shi ake yi. A babbake a kankare, fatar ta riƙe ruwan naman, ga ƙamshin wuta. In an samu da yawa a yi banda a kan ragaya, a riƙa ɓantara ana jefawa a miyar kuka. Wanda bai ci tuwon dawa da miyar kuka da bandar zomo da sanyin safiya ba, ban san me zan ce masa ba.

Hajiyar Zaure: Alhaji, a ina zai babbaka? A bene hawa na uku, ƙararrawar gobara ta tara masa unguwa? Kuma an riga an feɗe.

Baƙon Mishigan: Fatar ma Baba ba irin ta namu ba ce, kamar jiƙaƙƙiyar takarda take, da yatsa ake yage ta.

Ɗan Damagaram: In ya yi gardama duk da haka, a dafa shi ya yi ligif, a zare ƙashi, a daka a turmi a soya dambu. Ba zoman da ya taɓa gagarar turmi.

Ɗan Hambug: A nan Jamus suna da nasu, Hasenpfeffer, su jiƙa shi kwana biyu ko uku a ruwan inabi mai tsami da giya da kayan ƙamshi kafin a dafa. Dabarar Hajiya ce dai, tsami da haƙuri. Na taɓa gwadawa da ruwan tsamiya a madadin giyar, da zomon kanti, ya yi daɗi.

Likitan Dabbobi: Ƙari kan maganar Hajiya, a tsananta wajen cire dalmar, musamman in yara ko mai juna biyu za su ci. Kuma tsami yana narkar da ita, don haka a cire kafin a jiƙa, ba bayan an jiƙa ba.

Baƙon Mishigan: Jama'a ga rahoto. Ukun na mayar wa dattijon. Na yi ta juya yadda zan faɗa kada ya ji ba daɗi, sai na gaya masa gaskiya. Ya yi shiru, sannan ya ce to me ya sa ban faɗa tun a daji ba, ai da ya bar ni na bi su da wuƙata. Ya ce Asabar mai zuwa duk wanda ya faɗi yana motsi nawa ne.

Nawa ɗaya kuma na bi Hajiya sawu da ƙafa, sai daddawa da babu, na yi da dunƙulen kanti. Nama yana zamewa daga ƙashi da cokali. Uwargida ta cinye cinya ɗaya ta miƙa hannu kan ta biyu, na ce a'a, wannan ta maƙwabci ce. Na kai masa a kwano da ɗumi. Ya ci yana share hawaye da gumi saboda attaruhu, ya sha madara kofi biyu, ya ce shekara hamsin yana turbuɗa zomo a fulawa yana soyawa, bai san ana yi masa haka ba. Yana cikin magana sai muka ji ƙas! Ya tofo ƙwayar dalma ɗaya a tafin hannu, ya duba ya ce mini, "Lamba 6 ce, taka ce".

Soja Mai Ritaya: Na faɗa muku. Asabar ka ɗauki ta cikin motar.

Hajiyar Zaure: Ba daddawa? To ai ba girkina ka yi ba. Akwai mai tahowa wajenku ƙarshen wata, zan ba shi ƙulli biyu, in masu binciken kaya sun bari ta wuce.